Yadda ake fassara tsakanin Sinanci da Malay ba tare da an yi tuntuɓe ba

Wanda aka miƙo wa takarda aka ce ya juya ta daga Sinanci zuwa Malay, ko daga Malay zuwa Sinanci, kada ya yi saurin buɗe ƙamus. Nahawun harsunan biyu bai cika ba da wahala ba: babu jinsin namiji da mace a sunaye, aikatau ba ya sauya siffa saboda lokaci, kuma dukansu mai aiki ne ke zuwa farko, sai aiki, sai wanda aka yi wa. Inda ake faɗuwa shi ne sunayen mutane, lambobi, laƙabi, abinci da sassan jiki. Shi ya sa aka jera matakan nan bisa inda ɓarna ta fi yawa.

Mataki na farko: wane Sinanci, wane Malay?

Malay harshen ƙasa ne a Malesiya da Burunai da Singafo, kuma harshen Indonesiya daga tsatsonsa ya fito. A 1972 Malesiya da Indonesiya suka daidaita ƙa'idar rubutunsu na boko, don haka a ido sai ka ɗauka abu ɗaya ne. Kalmomi ne ke tona asiri. *Kereta* mota ce a Kuala Lumpur, jirgin ƙasa ne a Jakarta. *Pejabat* ofis ne a Malesiya, jami'in gwamnati ne a Indonesiya. *Percuma* kyauta ce a Malesiya, aikin banza ne a Indonesiya. *Budak* yaro ne a bakin ɗan Malesiya, bawa ne a kunnen ɗan Indonesiya. Manhajojin fassara na intanet sun saba cakuɗa su, musamman idan jimlar gajera ce. Duk kalmar da ka yi kokwanto a kanta, duba ta a Kamus Dewan, ƙamusun hukumar Dewan Bahasa dan Pustaka wadda aka kafa a 1956 don kula da harshen.

Ta ɓangaren Sinanci tambayoyi biyu ne. Ta farko rubutu: ƙasar Sin da Singafo da makarantun Sinawa na Malesiya suna amfani da sauƙaƙaƙƙun haruffa, Taiwan da Hong Kong kuwa na gargajiya. Ta biyu, wadda aka fi mantawa da ita, ita ce kalmomi. Sinawan Malesiya sun haura kashi ɗaya cikin biyar na 'yan ƙasar, kuma Mandarin ɗinsu (wato daidaitaccen Sinanci), wanda suke kira Huáyǔ, ya sha ruwan Malay. Kasuwar cefane a wurinsu *bāshā* (巴刹) ce, daga *pasar*. Mutumin Beijing *càishìchǎng* ya sani. Ƙauye *gānbǎng* (甘榜) ne, daga *kampung*. Kuɗin ƙasar, ringgit, *lìngjí* (令吉) ne a jaridun Malesiya irin su Sin Chew, amma *línjítè* (林吉特) a jaridun Sin. Shugaban gwamnati, Perdana Menteri, *shǒuxiàng* ne a Malesiya, *zǒnglǐ* a kafofin Sin. Idan mai karatunka ɗan kasuwa ne a Guangzhou ka rubuta masa *bāshā*, ba zai gane ba. Idan tsohuwa ce a Ipoh ka rubuta mata *línjítè*, za ta san baƙo ne ya yi aikin.

Idan aikin tafinta ne na baki, ƙara tambaya ta uku: wane kari mutumin yake ji? A Penang Hokkien ne ya fi yawa, a Kuala Lumpur da Ipoh Kantonis, a Sabah Hakka, a Sibu Foochow. Rubutunsu ɗaya ne, amma a baki mai wannan ba lalle ya ji wancan ba.

Mataki na biyu: tsame sunaye da lambobi kafin ka taɓa jimla ko ɗaya

Ɗauki takarda daban, ka bi rubutun daga farko zuwa ƙarshe kana fitar da kowane suna, laƙabi, gari, kwanan wata, adadi da ma'auni. Ka warware su a nan, sannan ka koma kan jimloli. Wannan matakin shi ya fi cin lokaci, kuma ya cancanta.

Sunan Basine ɗan Malesiya a katin shaidarsa yana bin karin harshen kakanninsa ne. Harafin 陈, wanda Mandarin ke karantawa Chén, yana fitowa a matsayin Tan ga Hokkien, Chan ga Kantonis, Chin ga Hakka. 林 yana zama Lim ko Lam. Idan ka rubuta "Chen" a takardar banki alhali katin mutumin "Tan" ya ce, an dawo da takardar. Komawa baya ta fi haɗari: Wong na iya zama 黄 ko 王, Ng na iya zama 黄 ko 吴, kuma babu dabarar da za ta gaya maka wanne ne. A nan ba a canka. A tambayi mai sunan ya rubuta da hannunsa.

Sunayen Malayawa ba su da sunan dangi. Suna ne, sai *bin* ko *binti*, sai sunan uba, kamar yadda muke cewa wane ɗan wane. Don haka idan za a taƙaita, sunan farko ake ɗauka. Shahararrun mutane, irin 'yan siyasar Malesiya, suna da rubutu biyu a Sinanci: Anwar Ibrahim 安华 ne a Malesiya, 安瓦尔 a Sin, Mahathir 马哈迪 ne a gida, 马哈蒂尔 a Sin. Laƙabin sarauta da na karramawa ba a zubar da su: Datuk 拿督, Tan Sri 丹斯里, Tun 敦. Barin laƙabi a wasiƙar hukuma raini ne, kamar ka aika wa hakimi takarda da sunansa na yanka tsirara.

Garuruwa ma suna da tsofaffin sunayen Sinanci da ba su yi kama da na Malay ba ko kaɗan. Johor Bahru *Xīnshān* (新山) ne, Seremban *Fúróng* (芙蓉), Klang *Bāshēng* (巴生), Kota Kinabalu *Yàbì* (亚庇). Wanda ya zauna ya kwaikwayi sautin Seremban da haruffan da ya ga dama ya ƙirƙiro garin da babu shi.

Sai lambobi, inda kuɗi ke salwanta. Malay na ƙirga da dubu-dubu kamar Hausa: *ribu* dubu, *juta* miliyan. Sinanci na ƙirga da dubu goma-goma: *wàn* (万) 10,000 ne, *yì* (亿) miliyan 100. Ke nan 三十万, wato *wàn* talatin, 300,000 ne, *tiga ratus ribu*. 5亿 kuwa *500 juta*. Hanyar kauce wa kuskure guda ce: rubuta adadin da alƙaluma cikakku da sifirinsa, ƙirga sifirin, sannan ka mayar da shi kalmomi. Rangwame ma a juye yake. *Dǎ bā zhé* (打八折) na nufin a biya kashi 80 na farashi, don haka a Malay *diskaun 20 peratus* ne. Wanda ya ga *bā*, wato takwas, ya rubuta rangwamen kashi 80 ya karya mai shago. Haka harafin 斤: a Sin giram 500 ne, amma *kati* na kasuwannin Malesiya, wanda ake rubutawa da harafin nan ɗaya, kimanin giram 605 ne. A takardar ciniki a mayar da shi kilo, a huta.

Kwanan wata a Sinanci daga shekara yake farawa, a Malay daga rana: 2025年8月31日 ya zama *31 Ogos 2025*. Adireshi ma haka, Sinanci daga ƙasa zuwa lambar gida, Malay daga lambar gida zuwa jiha. Ranakun mako na Malay ba za su ba Bahaushe wahala ba, don daga Larabci muka samo su tare: Ahad, Isnin, Selasa, Rabu, Khamis, Jumaat, Sabtu. Sinanci lamba yake ba su, ban da Lahadi, Litinin ita ce ta ɗaya. Amma a lura da *malam Jumaat*. Daidai yake da "daren Juma'a" namu, wato daren da Alhamis ta wuni, don haka a Sinanci *xīngqīsì wǎnshang* ne, daren rana ta huɗu. *Jumaat malam* shi ne daren da ke biyo bayan wunin Juma'a. An sha kiran mutane walima a daren da ba shi ba saboda wannan.

Mataki na uku: rushe jimlar, sake gina ta

Malay na sa abin da ake siffantawa a gaba, bayaninsa ya biyo baya. Sinanci na tara duk bayani a gaba, sunan ya zo ƙarshe. "Littafin da na saya jiya" a Malay *buku yang saya beli semalam* ne, tsari iri ɗaya da na Hausa kalma bayan kalma (sai dai *saya* a nan "ni" take nufi, *beli* ce saye, abin da ke rikita Bahaushe a makon farko). A Sinanci *wǒ zuótiān mǎi de shū*: ni, jiya, saya, *de*, littafi. Ƙa'idar aiki ita ce: daga Sinanci, nemo *de* (的), ɗauko sunan da ke bayansa ka sa shi farko, sannan ka jona sauran da *yang*. Daga Malay kuwa, idan abin da ya biyo bayan *yang* ya yi tsawo, kada ka cusa shi duka gaban *de*. Yanka shi jimla biyu, in ba haka ba mai karatu zai yi layi biyu bai san a kan me ake magana ba.

Lokaci da wuri suna zuwa kafin aikatau a Sinanci, bayansa a Malay. *Saya bekerja di Melaka* ya zama *wǒ zài Mǎliùjiǎ gōngzuò*.

Rubutun hukuma na Malay yana son aikatau mai *di-*, irin namu na "an yi", "za a yi". Sabon mai fassara yakan mayar da kowane *di-* zuwa *bèi* (被), alhali *bèi* a al'ada yana ɗauke da ƙanshin abin da ya faɗa wa mutum ba da son ransa ba, kamar duka ko sata ko kora. *Mesyuarat akan diadakan pada hari Isnin*, za a yi taro ranar Litinin, a Sinanci 会议将于星期一举行 ne, babu *bèi* a ciki.

Kalmomin da ke nuna matsayin aiki sun dace da juna sosai: *sudah* da *le* ko *yǐjīng*, *pernah* da *guo* (taɓa yi), *sedang* da *zài*, *belum* da *hái méi* (tukuna). A wajen korewa, *tidak* na aikatau da siffa ne, *bukan* na suna. Sinanci kuwa ya raba *bù* na ƙi ko ɗabi'a da *méi* na abin da bai faru ba. *Wǒ bù chī* ba na ci; *wǒ méi chī* ban ci ba. Malay na iya cewa *saya tidak makan* ga duka biyun, sai ka duba abin da ya gabata kafin ka zaɓa.

Harsunan biyu suna sa kalmar ƙirga tsakanin adadi da abu, amma rabonsu ya bambanta. *Ekor*, wutsiya, ta wadatar da kowace dabba a Malay. Sinanci zai ba kaza *zhī*, kifi *tiáo*, saniya *tóu*, doki *pǐ*. *Buah* ta ɗauki littafi da mota da gida, Sinanci ya ba su *běn* da *liàng* da *jiān*.

Mataki na huɗu: nemo saiwar kalmar Malay

Ƙamusun Malay na jera kalmomi ƙarƙashin saiwarsu, don haka wanda bai iya cire ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya ba zai yi ta neman abin da ba ya nan. Daga *ajar* ake samun *mengajar* koyarwa, *belajar* koyo, *pelajar* ɗalibi, *pengajar* malami, *pelajaran* darasi, *pengajaran* izina ko aikin koyarwa. A Sinanci waɗannan kalmomi ne daban-daban da ba su haɗa tushe ba. Ɗafin *meN-* yana haɗiye harafin farko idan p, t, k ko s ne: *memukul* daga *pukul*, *menulis* daga *tulis*, *mengirim* daga *kirim*, *menyapu* daga *sapu*. *Ter-* sau da yawa yana nuna ba da gangan ba, don haka *terpijak* sai an ƙara *bù xiǎoxīn* a Sinanci, in ba haka ba wanda ya taka ƙafar mutum bisa kuskure ya koma mai ganganci. A rahoton 'yan sanda wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Maimaita kalma ba kullum jam'i ba ne: *buku-buku* littattafai, amma *hati-hati* a yi hattara, *kura-kura* kunkuru, *rama-rama* malam buɗe littafi.

Mataki na biyar: wa ke magana da wa?

*Wǒmen* na Sinanci "mu" ne kawai. Malay na tilasta zaɓi: *kita* ya haɗa da wanda ake yi wa magana, *kami* ya fitar da shi. Kamfani da ke rubuta wa abokin ciniki *kami* zai ce. Shugaba da ke jawabi ga ma'aikatansa *kita*. Ta ɗaya ɓangaren, *dia* bai bambance namiji da mace ba, alhali rubutun Sinanci na buƙatar 他 ko 她. *Adik* ƙane ne ko ƙanwa, Sinanci na son *dìdi* ko *mèimei*.

"Kai" ya fi kowanne tarko. *Nǐ* da *nín* biyu ne kacal, amma Bamalaye ba ya ce wa babba *awak* ko *kamu*. *Anda* na talla ne da sanarwa. A gaban mutum ana kiransa *Encik*, *Puan*, *Cik*, *Tuan*, ko *abang*, *kakak*, *pak cik*, *mak cik*, kamar dai yadda muke cewa Malam ko Yaya ko Baba. *Nín yào shénme?* ga dattijo a shago *Pak cik nak apa?* ne. Idan maganar ta shafi sarki akwai kalmomin fada na musamman: *santap* ci, *beradu* barci, *gering* rashin lafiya, *mangkat* rasuwa.

A dangi kuwa Sinanci ne ya fi tsefewa, kuma ya fi kusa da mu: *jiùjiu* kawu, *shūshu* ƙanen uba, *bóbo* yayan uba, *gūgu* gwaggo, *āyí* 'yar'uwar uwa. Malay ya tattara mazan a *bapa saudara*. A takardar gado a nemi bayani kafin a zaɓi ɗaya.

Maganganun yau da kullum

Furuci tukuna: *c* na Malay daidai yake da *c* na Hausa, *sy* shi ne *sh*. A pinyin kuwa, wato rubutun Sinanci da haruffan boko, *c* ya fi kusa da *ts*, *q* da *c* namu, *x* da *sh* mai laushi. Mandarin na da karin sauti huɗu, kuma *mǎi* saye ne, *mài* sayarwa.

- Gaisuwa: *Apa khabar?* a amsa *Khabar baik*, *Nǐ hǎo*.
- Godiya da amsarta: *Terima kasih*, *Sama-sama*, *Xièxie*, *Bú kèqi*.
- Nawa ne? *Berapa harganya?*, *Duōshao qián?*
- A rage mana: *Boleh kurang?*, *Kěyǐ piányi yìdiǎn ma?*
- Ban gane ba: *Saya tak faham*, *Wǒ tīng bù dǒng*.
- Ina bayi? *Tandas di mana?*, *Cèsuǒ zài nǎlǐ?*
- A ƙunsa mini in tafi da shi: *Bungkus*, *Dǎbāo*.

*Sudah makan?* da *Chī le ma?* duka "ka ci abinci?" ne, kuma duka gaisuwa ce irin "ina gajiya" tamu, ba gayyata ba. *Qǐng* (请) ta rabu biyu a Malay: *sila* idan abin don amfanin mai sauraro ne (*Sila duduk*, bismillah zauna), *tolong* idan kai ne ke neman alfarma (*Tolong tutup pintu*, don Allah rufe ƙofa). A wajen ban kwana mai tafiya ke cewa *selamat tinggal*, mai zama ya ce *selamat jalan*, wanda ya yi daidai da *màn zǒu* ko *yílù píng'ān*.

Wasu kalmomin za ka ji sun yi kama, kuma ba haɗuwar banza ba ce. Tun zamanin da jiragen ruwan Zheng He, jagoran jiragen sarkin Sin, ke ya da zango a Melaka, a tafiye-tafiyensa na 1405 zuwa 1433, ake cuɗanya, sannan baƙin Hokkien suka biyo baya da kalmominsu: *teh* shayi, *mi* taliya, *tauhu* awara, *kicap* ruwan ɗanɗano na waken soya, *kuih* kayan ƙwalama, *tauke* mai gidan kasuwanci, *kongsi*. Sai dai aro yakan sauya ma'ana. *Kongsi* a Malay na yau raba abu tare ne, alhali 公司 a Sinanci kamfani ne, wanda Malay ke kira *syarikat*.

Abinci da jiki: inda kuskure ke cutarwa

*Ròu* (肉) shi kaɗai a jerin abincin Sinawa naman alade ake nufi; na sa ko na rago sai an ambaci dabbar. *Daging* shi kaɗai a bakin Bamalaye naman sa ne galibi. Wanda ya fassara *ròu* da *daging* ya ciyar da Musulmi abin da bai yi niyya ba. A rubuta *daging babi* ko *khinzir* ƙarara. Haka *zhūyóu* (猪油) kitsen alade da *liàojiǔ* (料酒) giyar girki, ko da ɗigo ne a miya, a bayyana su. *Qīngzhēn* (清真) shi ne halal, amma a Malesiya alamar halal takardar shaida ce da JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta tarayya, da hukumomin addini na jihohi ke bayarwa. Mai fassara ba shi da hurumin ƙara kalmar a kan kwali don ya ga babu alade a ciki.

*Hati* a maganar soyayya da ɓacin rai zuciya ce, *xīn* (心). A takardar likita hanta ce, *gān* (肝). Zuciyar da ke bugawa *jantung* ce. Ciwon zuciya *penyakit jantung* ne, *sakit hati* kuwa jin haushi. Duk inda *hati* ta fito kusa da sakamakon gwajin jini, hanta ake nufi.

Karin magana a nemo takwararta idan akwai. Kwaɗon da ke ƙarƙashin ƙoƙon kwakwa, *katak di bawah tempurung*, shi ne kwaɗon ƙasan rijiya na Sinawa, 井底之蛙. *Nasi sudah menjadi bubur*, shinkafa ta riga ta zama kunu, ya fi aminci a ba shi 木已成舟, itace ya riga ya zama kwalekwale. Akwai wata ta Sinanci mai ambaton ɗanyar shinkafa da ta dahu, wadda ta fi kama da shi a ido, amma an fi jin ta a zancen saurayi da budurwa da suka wuce gona da iri, ba ta dace da wasiƙar kasuwanci ba.

Duban ƙarshe

A yi shi sau uku, kowanne da abin da yake nema. Na farko, rufe asalin takardar ka karanta fassarar da ƙarfi ita kaɗai. Inda numfashi ya yanke, jimlar ta ɗauko ginin ɗayan harshen. Na biyu, ɗauko takardar sunaye da lambobin nan ka bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Na uku na alamomin rubutu ne da siffar takarda: ɗan waƙafin jeri na Sinanci (、) ya koma waƙafi na yau da kullum, alamar sunan littafi (《 》) ta koma rubutun gicciye, 此致敬礼 na ƙarshen wasiƙa ya zama *Sekian, terima kasih* da *Yang benar*, *Sdn. Bhd.* na ƙarshen sunan kamfani kuma 私人有限公司. Idan manhaja ce ta yi zubin farko, a ƙara neman kalmomin Indonesiya da suka saci jiki: *bisa* a maimakon *boleh*, *kantor* a maimakon *pejabat*, da *setengah dua*, wanda a can ƙarfe ɗaya da rabi ne, alhali ƙarfe biyu da rabi a Malesiya *pukul dua setengah* ake cewa. Takardar da za ta je kotu ko ofishin shige da fice kuma a tambayi ofishin tun da wuri wane hatimi yake karɓa. A Malesiya cibiyar fassara da littattafai ta ITBM na cikin wuraren da ke yin fassara mai shaida.